Daga wutsiyar tauraruwa zuwa hantsakin haske: tarihin wata tambaya da na hana yaro yi

 Yau da laifin kaina zan fara.

Shekaru da dama da suka wuce ina koyar da fizik a wani CEG, a ajin da ke shirin BEPC. Muna kan darasin haske, na cika allo da zanen madubi da kibiyoyi, sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu. Ya ce: "Mushe, iska tana tura mutum, ruwa ma yana tura mutum. To haske fa, in ya faɗo a jikin mutum, yana tura shi?" Aji ya kwashe da dariya. Ni kuma lokaci ya ƙure mini, ga jarrabawa ta matso, sai na ce masa haske ba shi da nauyi, abin da ba shi da nauyi kuwa ba ya tura komai, ya zauna ya kwafe abin da ke allo. Ya zauna. Har shekara ta ƙare bai sake ɗaga hannu a darasina ba.

Amsar da na ba shi kuskure ce. Abin kunyar ma shi ne na taɓa karanta gaskiyar a jami'a, na haddace ta don jarrabawa, na manta da ita. Sai ranar 2 ga Oktoban 2018, ina sauraron labarai a rediyo, na ji an ba wani dattijo Ba'amurke mai shekara 96, Arthur Ashkin, rabin kyautar Nobel ta fizik, saboda ya gano yadda ake kama ƙananan abubuwa da hasken leza a riƙe su kamar da hantsaki. Nan take yaron nan ya faɗo mini a rai. Daga ranar na shiga bin diddigin tambayarsa, na tarar ta girme shi da kusan shekara 400, kuma manyan masana sun sha wuya a kanta kafin su samu ma'aunin da zai raba gardama. Ga tarihin kamar yadda na fahimce shi.

Wutsiyar da ke gudun rana

Kakanninmu sun ce tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba. Mutanen Turai ma da tsoro suka daɗe suna kallonta. Amma masu binciken taurari sun lura da wani abu game da ita: kullum wutsiyar tana fuskantar ɓangaren da ya ba rana baya. In tauraruwar tana tunkarar rana, wutsiya tana bayanta. In ta juya tana komawa, wutsiya ce ke gaba. A 1619 Bajamushen nan Johannes Kepler ya rubuta cewa hasken rana ne ke kwasar abin da ke fita daga jikin tauraruwar yana tura shi nesa, kamar yadda iskar hunturu ke kwasar ƙura. Yau an san ya yi daidai game da wutsiyar ƙura. Amma a zamaninsa zato ne kawai, domin ba shi da abin da zai auna da shi.

Zaton ya zauna fiye da shekara 250. A 1873 James Clerk Maxwell, mutumin Skotland, ya fitar da babban littafinsa kan lantarki da maganaɗisu. A cikinsa ya nuna da lissafi cewa haske dole ya danna duk abin da ya faɗa a kai, ya kuma faɗi yawan dannawar. A nan aka ga dalilin da ya sa ba wanda ya taɓa jin ta a jikinsa. A ɗauki gona mai hekta ɗaya da tsakar rana a watan Afrilu, rana na dukan ta iya ƙarfinta. Duk turin da hasken ke yi wa gonar baki ɗaya bai wuce nauyin giram 3 da ɗan wani abu ba, wato bai kai ƙwarar sukari ɗaya da muke jefawa a shayi ba.

A wannan zamanin ne kuma wani Bature ɗan Ingila, William Crookes, ya ƙera wata ƴar na'ura da ta ruɗi jama'a. Kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe mafi yawan iskar cikinta, a ciki akwai ƴan fukafukai huɗu a kan tsinin allura, kowanne gefe ɗaya baƙi, gefe ɗaya mai ƙyalli. Da an haska ta sai fukafukan su kama juyawa. Crookes ya ɗauka ya kama turin haske da hannunsa, mutane da yawa suka yarda. Sai masu lura suka ce a dakata. In turin haske ne, gefen mai ƙyalli ya kamata ya fi shan turi, domin yana mayar da hasken baya, kamar yadda ƙwallon da ta bugi bango ta dawo ta fi wadda ta manne tura shi. Fukafukan kuwa ta ɗaya hannun suke juyawa, baƙin gefen ne ke ja da baya. Aka bincika aka gano cewa ƴar iskar da ta rage cikin kwalbar ce ke aikin, saboda baƙin gefen ya fi ɗaukar zafi. Ina son wannan labari saboda ɗalibanmu: na'urar ta juya da gaske, idon kowa ya gani, amma fassarar da aka yi wa abin da aka gani ita ce ta kauce.

Awo na gaskiya ya zo a farkon ƙarni na 20. Pyotr Lebedev a Mosko ya rataye siraran fallayen ƙarfe da zare mai laushi cikin kwalbar da ya zuƙe iskarta sosai, ya auna ɗan murɗawar da zaren ke yi in an haska fallayen, ya wallafa sakamakon a 1901. A daidai lokacin Ernest Nichols da Gordon Hull a kwalejin Dartmouth ta Amurka suna irin wannan aiki ta tasu hanyar, kuma zuwa 1903 awonsu ya dace da lissafin Maxwell ƙwarai. Aka rufe gardama: haske yana turi. Sai dai ba wanda ya ga amfanin sanin. A 1905 masanin fizik John Henry Poynting ya bayyana ra'ayin da kusan kowa ke da shi, cewa ƙarfin ya yi ƙanƙantar da ba za a sa shi a lissafin al'amuran doron ƙasa ba, sai dai na sararin samaniya. Haka maganar ta kwanta sama da shekara 60.

Yaron Brooklyn da fitilar leza

An haifi Arthur Ashkin ranar 2 ga Satumban 1922 a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Iyayensa baƙi ne, Yahudawa da suka yi ƙaura daga yankin da yau yake ƙasar Ukraine. Tun yana yaro kwalbar Crookes mai fukafukai ta ɗauke masa hankali. Ya yi karatu a jami'ar Columbia, ya samu digirin dokta a jami'ar Cornell a 1952, a shekarar kuma ya shiga ɗakunan bincike na Bell, inda ya yi aiki shekara 40. Wannan wuri na kamfanin tarho ne, amma yana barin masanansa su bi tambayoyin da ba a ga ribarsu nan kusa ba. A can aka ƙirƙiro taransista a 1947, wadda ke cikin kowace rediyo da wayar salula, a can kuma aka yi farantin sola na silikon na farko mai amfani a 1954, kakan waɗanda ke kan rufin gidajenmu.

Abin da ya canza lissafin Poynting shi ne leza. Theodore Maiman ya kunna ta farko a Kalifoniya a watan Mayun 1960. Hasken fitila ko na rana yana watsuwa ta ko'ina. Hasken leza kuwa launi ɗaya ne, yana tafiya a miƙe, kuma ana iya tattara shi duka a ɗigon da ya fi kaurin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ashkin ya zauna ya yi lissafin da ɗalibin lise zai iya yi. Turin hasken leza mai wat ɗaya ƙarami ne ƙwarai, gaskiya ne. To amma in aka tara shi duka a kan ƴar ƙwayar da faɗinta bai wuce mikromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, turin zai ninka nauyin ƙwayar sau dubbai. Magabata sun yi ta neman ƙaramin ƙarfi a kan manyan abubuwa. Shi ya nemo abin da ya fi ƙarfin ƙanƙanta.

Ya zuba ƴan ƙwayoyin roba masu sheƙi, waɗanda haske ke ratsawa, cikin ruwa, ya haska su, ya duba ta mikroskop. Ƙwayoyin suka bi hasken a guje kamar yadda lissafi ya ce. Amma ya ga wani abu da bai nema ba: ƙwayoyin da ke gefen hasken ana janyo su zuwa tsakiyarsa, inda ya fi ƙarfi, su maƙale a can suna tafiya. Da ya haska leza biyu suna fuskantar juna, sai ƙwaya ta tsaya cak a tsakaninsu, ba gaba ba baya, ba ta kuma iya zamewa gefe. Wannan shi ne tarkon haske na farko, ya wallafa labarinsa a 1970. A shekarar da ta biyo, shi da abokin aikinsa Joseph Dziedzic suka ɗaga ƴar ƙwayar gilashi a iska da hasken da ke fitowa daga ƙasa, ta tsaya a sarari ba abin da ke riƙe da ita sai haske.

Me ke jan ƙwaya zuwa tsakiya?

Wanda ya taɓa ban ruwa a garka da injin famfo ya san amsar a hannunsa. In ruwa na gudu da ƙarfi cikin tiyo ka lanƙwasa bakin tiyon zuwa dama, za ka ji yana fizgar hannunka zuwa hagu. Duk abin da ke tafe da ƙarfi, in ka karkatar da shi, sai ya rama a kanka ta ɗaya ɓangaren. Haske ma haka yake, ko da ba shi da nauyi, kuma a nan ne na kuskure wa ɗalibina. Ƙwayar da haske ke ratsawa tana karkatar da shi, kamar yadda cokali ke bayyana a karye in an tsoma shi cikin kofin ruwa. In ƙwayar tana tsakiyar hasken daidai, abin da ta karkatar dama da abin da ta karkatar hagu sun yi kunnen doki. In ta ɗan zame zuwa dama, hasken da ya fi ƙarfi zai ratsa ta gefenta na hagu, ta karkatar da shi zuwa dama, shi kuma ya tura ta hagu, ta koma tsakiya. Ko ta ina ta zame, haka za a mayar da ita.

Sauran aiki shi ne a hana hasken kwashe ta ya yi gaba da ita. A 1986 Ashkin da Dziedzic da John Bjorkholm da Steven Chu suka nuna cewa leza ɗaya ta isa, in aka bi da ita ta gilashin mikroskop mai ƙarfi wanda ke tattara haske ya tsuke shi wuri guda, irin yadda yara ke tattara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Jan da ake yi zuwa wurin tsukewar sai ya rinjayi turin da ake yi gaba, ƙwaya ta tsaya daram. In ka matsar da hasken, ta bi shi. Wannan ne aka sa wa sunan da za mu iya fassarawa da hantsakin haske.

A 1987 tsautsayi mai alheri ya faru. Suna gwada kama ƙwayar bairus da ke sa wa ganyen taba cuta, sai aka bar ruwan gwajin a buɗe ya kwana. Da safe suka tarar da wasu manyan abubuwa suna yawo da kansu a ciki, in sun kusanci hasken su faɗa tarko. Bakteriya ne suka shiga ruwan suka hayayyafa. Wani zai zubar da ruwan ya ce ya gurɓata. Ashkin ya tsaya ya duba. Ya lura koren hasken da yake amfani da shi yana kashe su, sai ya koma ga hasken infraruj, wanda ido ba ya gani, dangin wanda telekomand ɗin talabijin ke fitarwa. Da wannan haske bakteriya suka zauna cikin tarko da ransu, har suna rabuwa biyu suna haihuwa. Daga nan masu binciken halittu suka gane an ba su hannu da za su taɓa abu mai rai ba tare da sun murƙushe shi ba.

Yadda hantsaki ya zama sikeli

Duk uwar da ta kai jariri awo a asibiti ta san sikelin rataye. A sa yaro cikin ɗan wando, a rataye, waya mai murɗe da ke ciki, wadda kanikawa ke ce wa resor, ta miƙe, allura ta nuna kilo. In nauyi ya ninka, miƙewar ta ninka. Robert Hooke ne ya bayyana wannan ƙa'ida a Ingila tun ƙarni na 17, kuma tana cikin darussan da muke koyarwa.

Tarkon haske yana bin wannan ƙa'ida. In wani abu ya ja ƙwayar da ke cikin tarko, za ta ɗan gusa daga tsakiya, kuma matuƙar gusawar ba ta yi yawa ba, tana daidai da ƙarfin jan. Ke nan ƙwaya ita ce allurar sikeli, haske shi ne resor. Hasken da ya ratsa ƙwayar yana faɗawa kan wani ɗan faranti mai jin haske da aka raba gida huɗu. In ƙwayar ta motsa, wani gida ya fi wani samun haske, kwamfuta ta lissafa motsin har zuwa nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita.

Amma sikelin da ba a daidaita ba, rigima yake kawowa, kowa ya san yadda ake yi a kasuwa in tiyar mai saye ta fi ta mai sayarwa. Da wane dutsen awo za a daidaita sikeli irin wannan? Amsar ta fito daga wani tsohon bincike. A 1827 Robert Brown, masanin tsirrai, ya ga ƙananan ɓarɓashi cikin ruwa suna rawa ba tsayawa. A 1905 Albert Einstein ya bayyana dalili da lissafi: ƙwayoyin ruwa ne da ido ba ya gani ke bugun su ta kowane gefe, kuma ƙarfin bugun ya danganta da zafin ruwan. Ƙwayar da ke cikin tarko ma tana wannan rawa. In tarkon mai tauri ne, rawar kaɗan ce. In mai laushi ne, rawar ta yi faɗi. Tunda an san zafin ruwan, da an auna faɗin rawar an san taurin tarkon. Akwai hanya ta biyu: a tura ruwa ya wuce ƙwayar da saurin da aka sani, a ga iya gusawar da ta yi, domin tun 1851 George Stokes ya ba da lissafin jan da ruwa ke yi wa ƙaramin dunƙule. In hanyoyin biyu sun ba da amsa ɗaya, an yarda da sikeli.

Ma'aunin da ake amfani da shi a nan sunansa pikonyuton. Nyuton ɗaya kusan nauyin giram 100 ne a tafin hannu. A raba shi gida miliyan, a ɗauki gida ɗaya a sake raba shi miliyan, abin da ya fito shi ne pikonyuton. Ƙwayar hatsi guda ɗaya, geron da muke dakawa, nauyinta ya kusa pikonyuton miliyan 100.

Abin da aka auna

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai ƴan dako. Ɗayansu furotin ne mai suna kinezin, wanda Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka gano a 1985. Yana da ƙafafu biyu, yana ɗaukar kaya yana tafiya a kan wasu siraran sanduna da ke shimfiɗe cikin ƙwayar. Jijiyar da ta taso daga gadon baya ta kai babban yatsan ƙafa tsawonta ya kai mita ɗaya, kuma irin waɗannan ƴan dako ne ke kai mata kayan aiki har ƙarshenta. An san suna tafiya, amma ba a san yadda suke yi ba: zamewa suke ko taku?

A 1993 Karel Svoboda da Steven Block da abokan aikinsu suka manna kinezin guda ɗaya a jikin ƴar ƙwaya, suka riƙe ƙwayar da hantsakin haske, suka ɗora ta kan sandar. Kinezin ya kama tafiya yana jan ƙwayar. Abin da kwamfuta ta zana ya fito kamar matakalar bene: tsayawa, tsalle, tsayawa, tsalle, kowane taku nanomita 8. Sai ya yi taku kusan 10.000 kafin ya ƙetare kaurin gashi ɗaya. Yana nisa da tsakiyar tarko, tarkon na ƙara jan shi baya, har ya kai inda ya gaza. A nan aka karanta iyakar ƙarfinsa: pikonyuton 5 zuwa 6. Sai an tara irinsa sama da miliyan 10 kafin su riƙe ƙwayar hatsi ɗaya.

A 1994 Jeffrey Finer da Robert Simmons da James Spudich a jami'ar Stanford suka yi irin wannan awo ga miyozin, furotin da ke sa tsoka ta motsa, suka samu pikonyuton 3 zuwa 4 a kowane ja. Manomin da ke ɗaga hauya da matar da ke ɗaga taɓarya, taron waɗannan ƴan jaye-jaye ne marasa ƙirguwa ke yi musu aiki. A 1996 Steven Smith da Yujia Cui da Carlos Bustamante, wanda haifaffen ƙasar Peru ne, suka kama zaren ADN guda ɗaya, wanda masu Ingilishi ke kira DNA, suka ja shi. Ya yi ta turjiya har ƙarfin ya kai wajen pikonyuton 65, sai kwatsam ya saki jiki ya miƙe, tsawonsa ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100. A 2005 ɗakin binciken Block ya kai ga ganin injin da ke karanta ADN yana matsawa harafi bayan harafi, kowane taku nanomita 0,34.

Akwai awon da ya shafe mu kai tsaye, mu da damina ke zuwa mana da zazzaɓin cizon sauro. Jar ƙwayar jini faɗinta wajen mikromita 8 ne, amma dole ta lanƙwashe ta ratsa hanyoyin jini da suka fi ta ƙunci. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar Subra Suresh, da masana a Amurka da Singafo, suka manna ƴan ƙwayoyin gilashi a gefe biyu na ƙwayar jini suka ja ta da hantsakin haske. Lafiyayya tana miƙewa kamar danƙo. Wadda ƙwayar cutar maleriya ta girma a cikinta kuwa taurinta yana ƙaruwa har kusan sau 10. Ƙwayar da ta yi tauri haka ba ta ratsa ƙananan hanyoyi da sauƙi, kuma wannan yana cikin dalilan da ke sa zazzaɓin ya yi tsanani. Awon bai warkar da kowa da kansa ba, amma ya ba masu neman magani adadin da za su gwada aikinsu da shi.

Dogon jira

A 1997 aka ba Steven Chu kyautar Nobel tare da Claude Cohen-Tannoudji da William Phillips, saboda sanyaya atom da kama shi da hasken leza, aikin da ya tsiro daga tushen da Ashkin ya dasa. Ba a sa sunan Ashkin ba, kuma bai ɓoye cewa abin ya yi masa zafi ba. Ya riga ya yi ritaya tun 1992, amma ya ci gaba da bincike a ɗakin ƙasa na gidansa a jihar New Jersey. Sai bayan shekara 21 aka kira shi. Ya raba kyautar 2018 da Gérard Mourou na Faransa da Donna Strickland ta Kanada, mace ta uku da ta taɓa samun Nobel ta fizik. A lokacin ba a taɓa ba wanda ya kai shi tsufa ba. Ya rasu ranar 21 ga Satumban 2020 yana da shekara 98.

Aikin da ke gabansa a ƙarshen rayuwarsa shi ne tattara hasken rana don samun lantarki mai arha. Da na karanta haka sai na tuna da namu, Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik da ya jagoranci ofishin makamashin rana na ONERSOL, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya kare koyar da yara cikin harsunansu. Ina ganin da ɗalibina ya samu damar yin tambayarsa da Hausa, a ajin da ba a dariyar tambaya, da mun tsaya mun yi lissafin tare.

Abin da ya rage gare mu

Ba za mu haɗa hantsakin haske a lekol ɗinmu ba, kayansa sun fi ƙarfin aljihunmu. Amma ƙa'idar da yake aiki da ita tana hannunmu. Malami ya samo robar danƙo, ya rataye ta a ƙusa jikin allo, ya ɗaura mata ƴar leda, yara su riƙa jefa ƙwarar sukari ɗaya bayan ɗaya suna auna miƙewar da abin awonsu na santimita, suna rubutawa. Da farko za su ga miƙewar tana bin nauyi daidai. In kaya ya yi yawa za su ga ta daina bin ƙa'ida, su tambayi dalili, kuma wannan tambayar ita ce darasin. Lissafin turin rana a kan hekta ɗaya layi uku ne a allo: wat 1.000 a kowace murabba'in mita, a raba da saurin haske, mita miliyan 300 a daƙiƙa, a ninka da 10.000. Wanda ke da ƴar fitilar leza ta aljihu ya ɗiga madara kaɗan cikin kofin ruwa ya haska, yara su ga hanyar hasken da yadda yake karyewa. A kula ƙwarai, kada a taɓa haska ta a idon kowa, tana iya lalata gani.

Ga iyaye kuma, na san tambayar da muke yi in yaro ya zo da irin wannan magana: me za a ci da shi? Tambaya ce ta mai ciyar da gida, ba na raina ta. Sai dai mu tuna masana sun yi wa turin haske wannan hukunci a 1905, kuma bayan shekara 100 da shi ake auna taurin jinin mai zazzaɓi. In ba mu san amsa ba, mu ce wa yaro ba mu sani ba, mu tura shi ya tambayi malaminsa, malamin kuma in bai sani ba ya faɗi gaskiya ya je ya nemo.

Ɗalibin nan nawa yanzu ya zama magidanci, wataƙila da nasa ƴaƴan a lekol. In wannan rubutu ya kai gare shi, ga amsar da nake riƙe masa da ita. Ƙwarai, haske yana tura mutum. In ka tsaya a rana tsaka, turin da take yi maka ya kai kusan kashi ɗaya cikin 50 na nauyin ƙwayar hatsi. Kai ke da gaskiya a ranar, ka yafe wa mushenka.